Janareto Ba Ya Shan Tafi, Amma A Bar Mana Dare Ɗaya

Wata Asabar da ta wuce na tsaya a ƙofar wani ɗakin taro a nan cikin garin Sakkwato, ni da yara goma sha bakwai, kowa da kayan wasansa a leda. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar, da wasu tsofaffin ɗalibai da suka gama amma suka ƙi rabuwa da mu. Wata uku muka yi muna gwaji. Mun ba da kafin alƙalami tun da wuri, an rubuta sunanmu a littafi a gaban idona.

Da muka iso sai muka tarar ana shigar da kujeru masu farin mayafi, ana ɗaura balan-balan, wani saurayi yana gwada lasifika. Dina ce. An sayar wa masu biki ranarmu.

Manajan wurin dattijo ne, sa'an mahaifina. Bai ɓuya ba, bai kuma yi mini ƙarya ba. Ya zaro kuɗinmu daga aljihu ya miƙo mini, ya ce: "Malam, ka yi haƙuri. Abin da masu bikin ga sunka biya, ku ko wasa goma kunka yi ba ku kawo shi. Ni kau ga ma'aikata, ga mai. Janareto ba ya shan tafi."

Na ce, "Baba, yaran fa?"

Ya dube su, ya sunkuyar da kai, ya ce in kawo su wata rana.

Yarinyar da za ta fito a matsayin kaka tun daga gida ta shafa toka a gira, ta aro zanen saƙi na kakarta ta gaskiya. Ina kallonta ta juya baya, ta sa gefen hijabi tana goge tokar a hankali. Ba ta ce komai ba har muka samu keke-napep.

Wurin nan yana da dandamali, yana da labule, yana da ɗakin sauya kaya a baya. Wanda ya gina shi wasa ya nufa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ra'ayina a taƙaice: dole gidan wasa ya nemi kuɗi, kuma babu abin kunya a ciki. Amma duk wurin da aka gina domin wasa, ko aka liƙa masa sunan al'adu a ƙofa, ya kamata a ce yana da ranakun da ko nawa aka taya ba a sallamawa. Ribar biki ta ɗauki nauyin wasa. Idan ta kore shi, wurin ya zama gidan haya, sai a sauke allon a rubuta haka.

Dattijon yana da gaskiyarsa

Na kwana da haushinsa. Da na yi lissafi sai haushin ya ragu.

Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu ya san ba a tara mutum ɗari biyu a rufaffen ɗaki babu fanka. Zafi ya haura 40. Wuta kuwa ba abin dogaro ba ce, sai an tayar da inji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya bi shi ya tashi, har kuɗin hayar motar da za ta kwaso kayan wasa. Ga mai gadi, ga mai shara, ga mai kula da fitilu, kowa da iyali.

A ce ɗaki mai kujera 300 ne, aka sa kuɗin shiga naira 500, kuma Allah ya taimaka ya cika maƙil. Naira 150,000 ke nan. A cire mai, a cire hayar lasifika, a cire buga takardun talla, a sayi ruwan leda, a ba 'yan wasa na mota. Me ya rage wa mai gida? Masu dina kuwa kuɗinsu a dunƙule suke kawowa tun kafin ranar, ba ruwan manaja da ko mutane sun zo ko ba su zo ba.

Don haka abokan aikina da ke cewa kuɗi ne ke lalata fasaha, ban yarda da su ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan wasan da ya kwana da yunwa ba zai daɗe a dandamali ba, gobe za ka gan shi yana kabu-kabu, kuma ba wanda zai zarge shi.

Inda na rabu da dattijon shi ne nan: ya ɗauka kowace rana dole ta ci da kanta. Ba haka ake tafiyar da gidan wasa ba. Shekara ake lissafawa, ba dare ɗaya ba. Manomin fadama a Wurno ba ya cewa tunda albasa ta fi kawo kuɗi ya daina shuka geron da gidansa zai ci.

"Mutanenmu ba sa biyan kuɗin kallo"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki, don idona yana nuna mini akasinta kullum.

Je ka gidan dambe da yamma. Leburan da ya wuni yana dako a kasuwa zai zaro kuɗi ya biya a ƙofa, ya shiga ya tsaya cikin ƙura, in ɗan dambensa ya yi kisa ya ƙara zaro wasu ya liƙa masa. Je ka gidan kallon ƙwallo a Mabera ko Runjin Sambo ranar da manyan ƙungiyoyin Ingila za su kara: benci a cike, kowa ya biya. Matan aure a cikin gida suna sayen data domin su bi fim mai dogon zango mako-mako. Mutumin da ke yin duk wannan ba za a ce ba ya biyan kuɗin kallo ba.

Abin da ba ya biya shi ne abin da bai san ranarsa ba, bai kuma tabbatar da daɗinsa ba.

Mu faɗi gaskiya a kan yadda muke shirya wasanninmu. Sau ɗaya a shekara. A rubuta ƙarfe huɗu, a fara ƙarfe shida saboda ana jiran babban baƙo. A jera manyan kujeru a gaba, a yi jawabin maraba, jawabin uban taro, jawabin wakilin wanda bai samu zuwa ba. Kafin a ɗaga labule an kira Magariba, rabin mutane sun tafi. Shiga kyauta ne, don idonmu yana kan gudummawar da manya za su sanar, wadda sau da yawa a lasifika take ƙarewa. Shekara da shekaru muna koya wa jama'a cewa wasan kwaikwayo wani ƙarin abu ne da ake yi bayan jawabai. Yanzu kuma mu dawo muna cewa ba sa sayen tikiti?

Kasuwar Illela tana cika ne domin kowa ya san Lahadi take ci, tun daga nan har cikin Nijar. Da a ce wani mako Talata ce, wani mako an ɗaga saboda biki, da tuni ta watse. Gidan wasa ma kasuwa ce mai rana. Mai gida da ya sayar da daren wasa ga masu biki bai yi asarar dare ɗaya kawai ba. Ya gaya wa duk iyayen da suka yi shiri suka fito cewa kada su ƙara yarda da takardar tallarmu.

Ladan kuturu

Akwai wata kasuwar da ta fi dina haɗari, domin ita ba ta korar wasa daga dandamali. Barinsa take yi a kai, ta zare masa rai.

Yawancin ƙungiyoyin wasa da na sani a garin nan da kuɗin wayar da kai suke numfashi. Wata ƙungiya mai ba da tallafi ta zo da shirinta na rigakafi, ko gidan sauro, ko karatun 'ya mace, ta ce a yi mata wasa. Ban raina wannan aiki ba. Na yi shi, kuma na ga ƙauyen da wasan minti talatin ya buɗe maganar da wa'azin jami'i bai buɗe ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na taɓa rubuta wa wata irin wannan ƙungiya wasa a kan uban da ya hana 'yarsa zuwa makaranta. Na ba uban dalilansa kamar yadda na ji su daga bakin iyaye: makarantar da nisa, hanyar ba tsaro, babu malama mace ko ɗaya, babu bayan gida. Na so mai kallo ya ji tausayin uban ko da bai yarda da shi ba. Da suka karanta sai suka ce a cire duk wannan, domin akwai jami'an da aka gayyata, kada ransu ya ɓaci. Suka ba ni jerin saƙonni da dole wani ya furta su a baki. Uban ya zama jahili mai taurin kai, sai ga malamar asibiti ta shigo ta yi masa bayani, nan take ya tuba, aka tafa.

An biya mu. Amma ina tsaye a bayan taro na ji wani magidanci yana ce wa na kusa da shi, "Waɗanga ba su san halin da muke ciki ba." Gaskiya ya faɗa. Mun sani, mun ɓoye.

Idan wannan ne kaɗai irin wasan da yaro ya taɓa gani, zai tashi da tunanin cewa wasan kwaikwayo talla ce mai kayan ado. Marubuci ma hannunsa sabawa yake yi. Bayan shekara biyar ko ba a ce masa ya cire ba, shi da kansa ba zai rubuta ba.

Na 'yan siyasa ya fi wannan muni, ba sai na tsaya a kansa ba. Kowa ya ga yadda ake yi lokacin kamfe.

Wani zai ce ai fasahar Hausa tun asali da ubangida take tafiya. Haka ne. Makaɗan fada na ƙasar nan sun rayu da kyautar sarakuna, doki da riga da hatsi, kuma a ƙarƙashin wannan inuwa aka yi waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'a. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Sai dai a lura da abu ɗaya: zambon makaɗin fada abokin hamayyar ubangidansa yake samu. Ba a taɓa jin ya juya kan mai ba shi doki ba.

Dubi tashe kuma. In azumi ya kai kwana goma yara su fito, su bi gida-gida, su kwaikwayi marowaci, da gwauro, da malamin da cikinsa ya fi karatunsa, da mai gidan da ba ya cefane. Wannan gida a ba su hatsi, wancan a ba su 'yan canji. Ba su da ubangida ɗaya, shi ya sa bakinsu a sake yake. Ƙofa ɗari da ke ba da kaɗan-kaɗan ba ta iya ɗaure harshe kamar ƙofa ɗaya mai ba da da yawa.

Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin ƙofa shi ne kuɗi mafi tsabta da gidan wasa zai ci. Hubert Ogunde a ƙasar Yarabawa ya bar aikin ɗan sanda a shekarun 1940 ya kafa ƙungiyar da ke yawo gari-gari tana rayuwa da abin da masu kallo suka biya. A 1964 ya yi wasan da ya taɓa shugabannin Jihar Yamma har gwamnati ta hana shi wasa a yankin. Da a aljihunsu yake ci, da bai iya ba.

Yadda manyan gidaje suke yi

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, a bakin kogin Thames, yana samun tallafin gwamnati duk shekara, amma tallafin bai taɓa isarsa ba. A 2003, da Nicholas Hytner ya karɓi shugabancinsa, ya shawo kan wani kamfanin canjin kuɗi mai suna Travelex ya ɗauki nauyi, aka riƙa sayar da ɗimbin kujeru a kan fam 10 kacal. Mutanen da ba su taɓa shiga wurin ba suka fara zuwa. Kamfanin ya samu sunansa a jikin tikiti. Farashin kujera ya saya, bai sayi bakin marubuci ba.

A 2007 kuma suka yi wani wasa a kan doki a Yaƙin Duniya na Farko, da dawakin da aka ƙera, mutane suna motsa su daga ciki. Wasan ya karɓu har aka kai shi gidajen kasuwanci na Landan da Amurka, ya yi shekaru yana kawo riba. Wannan riba ta koma gida, ta taimaka aka ci gaba da sa sababbin wasanni a ƙaramin dandamalinsu, irin waɗanda ba a sa ran su mayar da kuɗinsu. Wasa mai farin jini ya goya mara farin jini.

Namu na Legas, wanda ke Iganmu, an kammala shi a 1976 domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977, a lokacin babban zaurensa yana ɗaukar mutum 5,000. Aka bar shi a hannun gwamnati ita kaɗai, ya yi shekaru yana lalacewa, sai da kwamitin bankuna ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya ya karɓa ya gyara. A 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Gini ya dawo. Abin da zan sa wa ido shi ne littafin ajiyar ranakunsa: nawa na wasa, nawa na taron kamfanoni.

Ba ina cewa Sakkwato Landan ba ce. Amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Muna da 'yan canji, muna da manyan 'yan kasuwa, muna da kamfanin siminti a Kalambaina, muna da bankuna da kamfanonin waya da ke cin kasuwar garin nan. Maimakon a roƙi attajiri ya zo ya zauna a babbar kujera ya sanar da gudummawa, a ce masa: Alhaji, sayi kujera ɗari na wata shida, a raba wa ɗalibai a rabin kuɗi, sunanka yana jikin tikiti. Abin da za a faɗa a dandamali kuwa ba ya cikin cinikin.

To gwamnati fa?

Tana da nata. Wurin da aka gina da kuɗin jama'a bai kamata a auna manajansa da yawan kuɗin hayar da ya tara kawai ba. Idan abin da ake tambayarsa ke nan a ƙarshen wata, to dina zai sayar, kuma ba laifinsa ba ne. A rubuta masa a takardar aiki cewa dare kaza a wata na wasa ne, a tambaye shi lissafinsu kamar yadda ake tambayarsa na kuɗi. A sa wa wurin sola. Wannan kaɗai zai sauke rabin nauyin da dattijon nan yake kuka da shi, a garin da rana ba ta yi mana rowa.

Amma ba na so gwamnati ta zama ita ce mai ciyarwa gaba ɗaya. Ubangida ɗaya ne ita ma, kuma ta fi kowa saurin fushi.

Maganar da ake yi ƙasa-ƙasa

Akwai masu ganin gara ma a yi biki a wurin da a yi wasa, domin a wurinsu wasan kwaikwayo ƙofar shagala ce da cakuɗuwar maza da mata. Ba zan yi kamar ban ji su ba. Wannan gari na Shehu ne, kuma mun ga yadda a 2016 aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kano bayan malamai sun nuna ƙin amincewa. Duk mai son ya tafiyar da gidan wasa a Arewa ya raina wannan damuwa, ya shirya rufewa.

Sai dai abin da suke tsoro yana da magani a hannun mai tsara wuri. A raba wurin zama. A fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba, ko a fara bayan Isha'i a tashi da wuri. A yi ranar iyali. Uba ya iya shigowa da 'yarsa ya fita bai ji kunya ba. Kuma ina roƙon masu wannan ra'ayi su leƙa abin da ake yi a wasu dinar da ake kore mu dominta, su gwada da wasan yaran makaranta a kan kaka da jikokinta.

Malaman jihadi da kansu ba su tsaya ga littattafan Larabci ba, sun yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci domin saƙo ya isa ga wanda bai yi karatu ba. Nana Asma'u ta haddatar da jajis, wato malamai matan da ta horar, waƙoƙi suka kai wa mata har ƙauyuka. Ba ina cewa wasan kwaikwayo suka yi ba. Ina cewa sun san magana mai daɗin ji ta fi nisan tafiya. Yaranmu yau suna kallon abin da waya ta kawo musu, ba mai tacewa, ba mai tambaya. Dandamalin da ke cikin gari, wanda liman da uba da malami za su iya shiga su gani da idonsu, shi ne ya fi sauƙin gyara in ya karkace.

Na koma wurin dattijon

Bayan kwana huɗu na koma, ni kaɗai. Na gaishe shi, ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce, "Baba, don Allah buɗe mini littafin nan in gani."

Ya buɗe. Juma'a, Asabar da Lahadi a cike suke har bayan wata biyu, biki bayan biki, sai taron wata ƙungiya nan da can. Litinin zuwa Laraba kuwa fari fat, shafi bayan shafi.

Na ce ba Asabar nake nema ba, ya riƙe ta, ita ke biyan ma'aikatansa. Laraba nake so, ta farkon kowane wata, bayan La'asar. Mu za mu zo da manmu. Abin da aka samu a ƙofa a raba, kashi ɗaya nasa. Sharaɗina ɗaya ne: in an rubuta, an rubuta. Ko wa ya zo, ko nawa ya kawo.

Ya yi shiru yana juya biro a hannu. Ya ce, "In wani babba ya aiko fa, Malam? Ka san garin ga."

Na ce ya gaya masa an riga shi, kamar yadda zai gaya masa in ɗiyar wani babban ce ake wa biki a ranar.

Ya rubuta mana wata uku, ya ce mu gani. Da fensir ya so ya rubuta, na roƙe shi ya sa biro.

Yanzu nauyin ya dawo kanmu. Wata uku yana nufin wasa uku, ba ɗaya da za mu yi ta maimaitawa ba. Na yi magana da wasu ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari masu sha'awar abin, ko za su karɓi wata na biyu. Mun yanke cewa babu babban baƙo, babu jawabi, ƙarfe huɗu da rabi labule zai tashi ko mutum goma ne a ciki. Kowa zai biya a ƙofa, har shugaban makarantarmu, kuma ya ce zai zo da iyalinsa.

Yarinyar nan ta mayar wa kakarta zanen. Jiya ta tare ni a bakin aji tana tambaya ko ta sake aro shi, ko ta bari sai ranar ta matso.